Bayan Tiyatar Sankarar Baki: A Tsaya Nan, A Yi Gashi, Ko A Haɗa Da Sisplatin?

Idan likitan fiɗa ya cire sankara daga harshe, ko dasashi, ko cikin kunci, ko ƙarƙashin harshe, da sauran magana. Naman da aka yanke, tare da kaluluwar wuya idan an kwashe ta, ana aika su ɗakin gwaji a yayyanka a duba da madubin likita, kuma sakamakon yakan fito cikin mako 1 ko 2. A kan wannan takarda likitoci ke ɗora ɗaya daga cikin shawarwari uku: a tsaya a tiyatar kaɗai a riƙa bibiyar majiyyaci, ko a ƙara masa gashin na'ura wanda ake kira radiyoterafi, ko kuwa a haɗa gashin da maganin sisplatin da ake ɗurawa ta jijiya. Mutumin da bai gama farfaɗowa daga wuƙa ba, aka ce masa ga wata jinyar ta mako 6 tana jiransa, ya cancanci a warware masa abin da kowace hanya za ta ba shi da abin da za ta raba shi da shi.

Abu na farko da ake dubawa a takardar shi ne gefen naman da aka yanke. Idan akwai tazarar lafiyayyen nama da ta kai milimita 5 tsakanin ƙarin da inda wuƙa ta bi, ana ɗaukar cewa an fita tsaf. Idan tazarar ta gaza haka an ce gefen ya yi kusa. Idan kuwa an ga ƙwayoyin cutar a kan gefen kansa, to akwai yiwuwar an bar saura a baki. Sai zurfin da ƙarin ya nutsa cikin nama, wanda tsarin tantance matakin cutar na yanzu ya raba uku: har zuwa milimita 5, daga nan zuwa 10, da abin da ya haura 10. Sai a duba ko cutar ta bi jijiyar da ke kai saƙon ji, ko ta shiga ƙananan hanyoyin jini, ko ta ci ƙashin muƙamuƙi. Daga ƙarshe a ƙirga kaluluwa nawa ta kama, kuma, abin da ya fi nauyi duka, ko ta fasa fatar da ke lulluɓe da kaluluwar ta malala cikin naman wuya. Girman wahalar da ya kamata mutum ya yarda ya sha daga waɗannan layuka yake fitowa.

Tsayawa a tiyata kaɗai

Ga ƙaramin ƙari mara zurfi, wanda aka cire da wadatacciyar tazara, kaluluwa kuma ta fito babu komai, gashi ba shi da abin da zai ƙara wanda ya kai illarsa. Irin wannan majiyyaci yana tsira da yawunsa da haƙoransa da ɗanɗanonsa, kuma yana riƙe da wata dama mai daraja: galibi sau ɗaya ake iya yi wa wuri guda cikakken gashi, domin ƙashi da laka da jijiyoyin wuya ba sa komawa yadda suke bayan na farko, saboda haka wanda ba a yi wa yanzu ba ana iya yi masa idan buƙata ta taso nan gaba. Sharaɗin wannan hanya shi ne zuwa asibiti ba fashi, kusan kowane wata 1 zuwa 3 a shekarar farko, domin yawancin dawowar cutar cikin shekaru 2 na farko take faruwa.

Amma idan takardar ta nuna alamun haɗari, wannan hanya tana zama caca mai muni. Sankarar baki da ta dawo bayan tiyata ta fi ta farko wuyar sha'ani nesa ba kusa ba: tana dawowa cikin nama mai tabo, sau da yawa a zurfi inda ido ba ya gani da wuri, tiyata ta biyu ta fi ta farko cin nama, kuma waɗanda ake cetowa kaɗan ne. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Indiya aka wallafa a 1996, a kan masu sankarar cikin kunci da ta yi nisa, ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashi bayan tiyata sun zauna babu cutar, alhali a cikin waɗanda aka bari da tiyata kaɗai kashi 38 ne. Akwai kuma wata ƙofa da ake yawan mantawa: idan matsalar kaɗai ita ce gefe ɗaya da ya yi kusa ko ya taɓu, kuma wurin yana da sauƙin kaiwa, wani lokaci likitan fiɗa kan iya komawa ya ƙara yankewa, wanda hakan kan rage nauyin maganin da zai biyo baya.

Gashi shi kaɗai

Ana ba da wannan shawara ga ƙari babba ko mai zurfi, ko wanda ya ci ƙashi, ko ya bi jijiya, ko ya kama kaluluwa fiye da ɗaya. Ma'aunin ƙarfin gashin, wanda likitoci ke rubutawa Gy, yakan kasance 60 zuwa 66, ana raba shi Gy 2 kowace rana, kwana 5 a mako, tsawon mako 6 zuwa 6 da rabi. Ana yi wa majiyyaci abin rufe fuska na roba daidai siffar kansa da wuyansa don kada ya motsa, a ɗauki hoton CT a tsara inda hasken zai bi. Zaman kowace rana mintoci ne, kuma ba a jin zafi a lokacin. Game da tsoron da iyalai kan yi, hasken na'urar ba ya zama a jiki: da an kashe ta shi ke nan, majiyyaci na iya ɗaukar jariri ko kwana ɗaki ɗaya da mai juna biyu ba tare da cutar da kowa ba. Mace mai jinyar ce kawai ya wajaba ta guji ɗaukar ciki a wannan lokaci, ta kuma sanar da likita idan tana zaton tana da shi.

Illolin farko suna zuwa a jere, kusan yadda za a iya faɗa tun kafin su iso. Makon farko galibi shiru ne. Daga mako na 2 zuwa na 3 fatar cikin baki takan yi ja ta fara ƙuna, ɗanɗano ya gushe ko ya koma na ƙarfe, yawu ya yi kauri yana danƙo. Daga mako na 4 zuwa ƙarshe gyambuna kan fito a baki da maƙogwaro, haɗiya ta zama aiki, fatar wuya ta yi duhu ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule, gemu ya zube a inda hasken ya ratsa, ga kasala mai nauyi. Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne ciwon yakan kai ƙololuwarsa mako 1 ko 2 bayan zaman ƙarshe, sannan ya fara sauka, yawancin gyambunan su warke cikin mako 4 zuwa 6. Wannan zango yana da tsanani, amma mai wucewa ne, kuma akwai abin yi: kurkurar baki da ruwan gishiri da bakin-soda, maganin kurkura na benzidamin, maganin cutar fungas idan farin dabbare ya bayyana, da maganin ciwo har zuwa mofin idan ta kama. Babban haɗarin wannan lokaci shi ne rama da ƙarancin ruwa a jiki, shi ya sa ake auna nauyi kowane mako, kuma idan abinci ya ƙi wucewa a sa robar ciyarwa ta hanci ko ta ciki. Bai kamata a ɗauki wannan roba a matsayin alamar cewa abu ya ɓaci ba. Sau da yawa ita ce ke ba mutum ƙarfin kai jinyar ƙarshe.

A ganina, illolin da suka fi cancantar a yi dogon tunani a kansu su ne waɗanda ke zuwa daga baya su zauna. Na gaba-gaba shi ne bushewar baki. Glandodin da ke samar da yawu, musamman manyan nan biyu na gaban kunne, ba sa jure gashi. Da zarar matsakaicin abin da ya same su ya haura kimanin Gy 26, aikinsu yana raguwa sosai, kuma ba lalle ya dawo ba. Wanda bai taɓa rasa yawu ba yakan raina lamarin, alhali yawu ne ke jiƙa loma, yake sauƙaƙa magana, yake wanke haƙora yana kashe tsamin da ke cinye su. Mai busasshen baki yakan tashi cikin dare neman ruwa, busasshen abinci ya gagare shi, sannan haƙoransa su fara ruɓewa daga gindi cikin sauri, har waɗanda ba su taɓa ciwo ba. Yawun roba da cingam mara sukari suna taimakawa, maganin pilokarpin kuma yana ƙara yawu ga wanda glandarsa ke da sauran rai, ko da yake yana sa gumi kuma bai dace da wasu masu asma ko ciwon zuciya ba.

Ruɓewar haƙora ita ke buɗe ƙofa ga illar da likitoci suka fi shakka, wato mutuwar ƙashin muƙamuƙi. Gashi yana ƙuntata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙashi, musamman muƙamuƙin ƙasa wanda dama jininsa bai kai na sama yawa ba, kuma haɗarin yana ƙaruwa a inda abin da ƙashin ya sha ya kai Gy 60 ko fiye. Irin wannan ƙashi yana iya zama lafiya shekara da shekaru, sai ranar da aka cire haƙori ramin ya ƙi warkewa, ƙashi ya fito fili, ya yi ta ciwo da ruwa, a mafi muni ya karye har sai an yanke shi an dasa wani daga ƙafa. Mutane kaɗan ne cikin ɗari ke gamuwa da wannan a zamanin yanzu, amma haɗarin ba ya ƙarewa tsawon rai. An daɗe ana sa mutane a ɗakin iskar oksijin mai matsi kafin cire haƙori don rigakafi, sai dai wani gwaji na Birtaniya da aka wallafa a 2019 bai ga bambanci ba: kimanin kashi 6 cikin 100 ne suka samu matsalar, ko an sa su a ɗakin ko ba a sa su ba. Abin da ya rage a hannu shi ne shiri. Likitan haƙori ya duba baki kafin a fara, a cire haƙoran da ba su da makoma, in da hali a ranar tiyatar kanta, ko aƙalla kwana 10 zuwa 14 kafin gashi, a kuma riƙa amfani da fulorayid mai ƙarfi, sinadarin da ke kare haƙora daga ruɓewa, kullum har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan jinya kuwa, duk likitan haƙorin da zai taɓa bakin dole ya san an yi gashi a wurin.

Sauran illolin dogon lokaci sun haɗa da taurin naman wuya da na muƙamuƙi, har buɗe baki ya gaza milimita 35, abin da motsa muƙamuƙi kullum tun daga farkon jinya ke ragewa. Wahalar haɗiya da shaƙewa, wadda ta fi tsanani ga wanda aka yanke wa babban ɓangaren harshe. Kumburin ƙarƙashin haɓa saboda toshewar hanyoyin ruwan jiki. Da raunin glandar tayirod da ke gaban wuya, wanda ke samun mutane masu yawa da aka gasa wa ƙasan wuya, amma gwajin jini kowane wata 6 zuwa 12 yana gano shi, ƙwaya ɗaya a rana kuma tana gyara shi. Manyan jijiyoyin jinin wuya na iya ƙuntata bayan shekaru, wanda ke ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sabuwar sankara da gashin kansa ya haifar tana faruwa, amma da wuya, kuma bayan shekaru masu yawa. Ɗanɗano galibi yana dawowa cikin watanni zuwa shekara guda.

Nauyin waɗannan illoli ya danganta ƙwarai da irin tsarin da aka yi amfani da shi. Tsohuwar hanya tana harba haske daga gefe biyu, duk abin da ke tsakani ya sha daidai. Hanyar IMRT tana sarrafa ƙarfin hasken daga kusurwoyi da yawa, ta yadda inda ake zargin cuta zai sha cikakken rabo, glandar yawu da laka su sha kaɗan. A gwajin PARSPORT na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2011 a kan mutum 94, kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsohuwar hanya suna fama da bushewar baki mai damuwa bayan shekara guda, na IMRT kuwa kashi 38. Bayan shekara 2 tazarar ta zama 83 da 29. Masu sankarar maƙogwaro aka yi gwajin a kansu, kuma a sankarar baki akwai iyaka ga abin da za a iya karewa tunda bakin kansa ne ake nufa, amma duk da haka wanda ke da zaɓi tsakanin biyun ya ɗauki IMRT. Idan ƙarin yana gefe ɗaya sosai, kamar a kunci, yana da kyau a tambayi likita ko za a iya gasa ɓarin wuya ɗaya kawai.

Gashi tare da sisplatin

A 2004 aka wallafa manyan gwaje-gwaje biyu a rana guda, ɗaya na Turai mai lamba EORTC 22931, ɗaya na Amurka mai lamba RTOG 9501. Dukansu sun kwatanta gashi kaɗai da gashi haɗe da sisplatin miligiram 100 bisa kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sau 3, a rana ta 1 da ta 22 da ta 43. A na Turai, mai mutum 334, waɗanda ke raye bayan shekara 5 sun kai kashi 53 cikin 100 a ɓangaren haɗin, da kashi 40 a ɓangaren gashi kaɗai. A na Amurka, hana cutar dawowa a baki da wuya cikin shekara 2 ya tashi daga kashi 72 zuwa 82, amma ba a ga tabbataccen ƙarin tsawon rai ba. Da aka haɗa bayanan biyun aka nazarta a 2005, sai ta bayyana cewa ribar ta taru ne a rukuni biyu: waɗanda aka ga cuta a kan gefen yankan, da waɗanda cutar ta fasa kaluluwa. Har yau waɗannan biyun su ne manyan dalilan ƙara sisplatin.

Abin da jiki ke sha a madadin wannan riba ba ƙarami ba ne. A gwajin Amurka, matsananciyar illa a lokacin jinya ta tashi daga kashi 34 cikin 100 zuwa 77, kuma mutum 4 sun rasu sanadiyyar maganin kansa a ɓangaren haɗin. Sisplatin yana ƙara zafin gyambon baki, yana kawo amai, yana rage fararen ƙwayoyin jini har ƙaramin zazzaɓi ya zama abin garzayawa asibiti, yana iya taɓa ƙoda, yana sa ƙara a kunne ko raunin ji wanda galibi ba ya dawowa, da raguwar jin taɓi a yatsun hannu da ƙafa. Shi ya sa ake gwada ƙoda da ji kafin a fara, ake kuma guje masa ga mai raunin ƙoda ko kunne ko zuciya. Ga waɗanda suka haura shekara 70, manyan nazarce-nazarce sun nuna ribar haɗin tana raguwa har ta kusa ɓacewa.

Akwai hanyar rage wannan nauyi ta raba maganin mako-mako, amma yawan da ake bayarwa yana da tasiri. Asibitin Tata da ke Mumbai ya gwada miligiram 30 bisa kowace murabba'in mita ta faɗin jiki kowane mako, a sakamakon da ya fito a 2018, sai tsarin ya gaza: hana dawowar cuta cikin shekara 2 ya tsaya a kusan kashi 58 cikin 100, na tsarin mako uku-uku kuwa kashi 73, kuma yawancin mutanen gwajin masu sankarar baki ne da aka yi wa tiyata. Wani gwaji na Japan da aka wallafa a 2022 ya yi amfani da miligiram 40 bisa kowace murabba'in mita kowane mako, ya samu sakamako da bai gaza na tsarin mako uku-uku ba, da ƙarancin illa ga ƙoda da kunne. Wanda aka ba shi tsarin mako-mako yana da dalilin tambayar nawa ne adadin.

Lokaci, da inda shawara ke da wuya

Akwai hanya ta huɗu da babu likitan da ke ba da ita, amma mutane da yawa suna faɗawa cikinta: gashin da aka fara a makare ko aka yi ta yankewa. Ƙa'ida ita ce a fara cikin mako 6 bayan tiyata. Wani bincike na cibiyar MD Anderson da ke Amurka, na 2001, ya nuna cewa masu babban haɗari da suka kammala komai, daga ranar tiyata zuwa zaman ƙarshe, cikin ƙasa da mako 11 sun fi waɗanda suka haura mako 13 samun sauƙi sosai. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin cutar da suka rage suna hayayyafa a lokacin jira, kuma suna ƙara sauri a tsakiyar gashi, har ana ƙiyasta cewa kowace ranar da aka tsawaita jinyar tana rage damar shawo kan cutar da kimanin kashi 1 cikin 100. Wanda ya tsaya a mako na 4 saboda ciwon baki ya riga ya lalata glandar yawunsa, kuma bai samu kariyar da ya sha wahalar dominta ba. Idan ciwo ya yi yawa, abin nema shi ne a ƙara maganin ciwo da hanyar ciyarwa. Shan taba a lokacin jinya yana aiki irin wannan: wani bincike na Kanada a 1993 ya gano cewa waɗanda suka ci gaba da sha sun fi ƙarancin amsa magani da tsawon rai. Taba kuma tana ƙara gyambo da haɗarin mutuwar ƙashi. Giya ma tana ƙara ƙunar baki.

Inda shawara ke da wuya na gaske shi ne a tsakiya: ƙaramin ƙari mai alamar haɗari guda ɗaya tak, kamar gefe mai tazarar milimita 3 ko 4, ko kaluluwa ɗaya ƙarama da ba ta fashe ba, ko ɗan bin jijiya kaɗan. A nan ƙwararru kansu suna saɓani, kuma ya dace a kai takardar gaban taron likitocin fiɗa da na gashi da na gwajin nama su duba tare. Alamu biyu ko uku da suka haɗu suna karkata ma'auni zuwa gashi. Haka kuma idan majiyyaci ba zai iya zuwa bibiya a kai a kai ba, domin jira yana da ma'ana ne kawai ga wanda za a gano dawowar cutarsa da wuri. Shekaru masu yawa, da raunin jiki, da bakin da tiyata ta riga ta wahalar da haɗiyarsa, suna karkata shi zuwa ɗaya gefen. Majiyyaci na iya neman likita ya faɗa masa a fili kashi nawa cikin 100 yake ƙiyasta cutar za ta dawo idan an yi gashin, da kashi nawa idan ba a yi ba, da kuma ko za a iya kare aƙalla glandar yawu ɗaya a tsarin da za a yi masa.